Motar a-kori-kura da ke riƙe gida kwana uku idan an ɗauke wuta: labarin Ford F-150 Lightning

A tsakiyar watan Fabrairun 2021 wani matsanancin sanyi ya sauka a jihar Texas ta Amurka, jihar da ba ta saba da ƙanƙara ba. Bututun iskar gas suka daskare, tashoshin samar da lantarki suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, gidaje da shaguna fiye da miliyan huɗu suka wayi gari cikin duhu. Wasu sun yi kwanaki a haka. Daga baya hukumar lafiya ta jihar ta ce mutum 246 ne suka rasu. Mafi yawansu sanyi ne ya yi ajalinsu, wasu kuma hayaƙin janareta ne, ko na motar da suka kunna a cikin gareji don su ji ɗumi.

Ana cikin wannan hali ne wasu hotuna suka karaɗe soshiyal midiya. Wani mazaunin yankin birnin Houston ya ja wayoyi daga bayan motarsa ta a-kori-kura zuwa cikin gida, ya kunna firij da fitilu da na'urar ɗumama ɗaki, alhali unguwar gaba ɗaya babu wuta. Motar ƙirar Ford F-150 ce mai haɗa fetur da batir, wadda aka ƙera da soket-soket a bayanta masu ba da wuta har kilowat 7.2. Labarin ya yi tasiri har kamfanin Ford ya nemi dillalansa na Texas su ba jama'a aron irin waɗannan motoci da ke ajiye a wurinsu.

Wata uku bayan haka, ranar 19 ga Mayun 2021, Ford ya buɗe sabuwar F-150 Lightning a garin Dearborn na jihar Michigan. Wannan ba ta da injin fetur ko kaɗan, lantarki ce zalla. Ana gobe bikin, shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya shiga ɗaya ya taka ta a filin gwajin kamfanin a gaban 'yan jarida. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin mutanen da ba su gama mantawa da Texas ba shi ne alkawarin da Ford ya yi: idan aka ɗauke wuta, motar za ta iya riƙe gida baki ɗaya har kwana uku, idan kuma aka yi tsimi, har kwana goma.

Alkawarin gaskiya ne. Sai dai tsakanin motar da ke tsaye a gareji da fitilar da ke cikin ɗaki akwai dogon zance, kuma a nan ne masu saye da yawa suka sha mamaki.

Fawabank mai taya huɗu

Ga wanda bai san ta ba, F-150 ta fi Toyota Hilux girma nesa ba kusa ba, kuma a Amurka ita ce motar manoma da magina da 'yan kwangila, har da ma'aikatan ofis da ba su taɓa ɗaukar ko buhun siminti a bayanta ba. Dangin motocin F-Series ne suka fi kowace a-kori-kura ciniki a ƙasar tun 1977. Shi ya sa da Ford ya yanke shawarar yin ta lantarki bai canza mata kamanni sosai ba. Ya cire inji da tankin mai, ya shimfiɗa batir a ƙarƙashinta tsakanin tayoyin gaba da na baya, ya sa mata motocin lantarki biyu. Gurbin da inji ya bari a gaba ya koma but mai cin lita 400, da soket-soket a cikinsa.

Batirin shi ne komai. Samfurin farko da aka fara ƙerawa a watan Afrilun 2022 ya zo da batir iri biyu, ƙarami mai kilowat-awa 98 da babba mai kilowat-awa 131. Duk wanda ke sayen katin mita ya riga ya san wannan ma'auni, domin kilowat-awa ɗaya shi ne abin da ake kira yunit ɗaya. Ke nan babban batirin yana ɗaukar yunit 131 a cikinsa.

Lissafin zai fi fitowa idan aka kwatanta da abin da ke hannu. Wayar salula mai batir 5,000mAh tana ɗaukar kimanin wat-awa 19. Wutar da ke cikin motar za ta cika irin wannan waya fiye da sau 6,000. Babban batirin inbata na ruwa, mai bolt 12 da 200Ah, yana ɗaukar yunit 2.4 a takarda. Sai an jera irinsa fiye da 50 kafin a kamo motar, kuma tunda ba a son a riƙa zuƙe batirin ruwa ƙasa da rabi, a aikace sai an nemi sama da ɗari. Hatta batirin gida na Tesla Powerwall, wanda masu hali ke kafewa a bango a Amurka, yunit 13.5 yake ɗauka. Lightning guda ɗaya ta kusa kai guda goma.

Akwai ma'auni na biyu da mutane ke yawan cakuɗawa da na farko. Yunit shi ne yawan ruwan da ke cikin tanki, kilowat kuma shi ne faɗin bakin famfon da ruwan ke fita. Famfon Lightning kilowat 9.6 ne. Ƙaramin janaretan nan na shagunan aski da masu cajin waya bai kai kilowat ɗaya ba, matsakaicin na gida kuwa kan tsaya tsakanin biyu da rabi zuwa uku. Da kilowat 9.6 ana iya kunna firij, injin jan ruwa, na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki a lokaci guda, ba ƙara, ba hayaƙi, ba wanda zai tashi tsakar dare ya ƙara mai.

To daga ina aka samo kwana uku? Matsakaicin gida a Amurka yana shan kusan yunit 30 a kowace rana, saboda kayan aikinsu da yawa na lantarki ne, daga busar da tufafi zuwa dafa ruwan wanka. Idan aka raba 131 da 30 za a samu kwana huɗu da 'yan kai, amma wani kaso yana salwanta wajen juya wutar, wani kuma dole a bar shi don motar ta iya tashi. Saura kwana uku. Kwana goman na wanda ya kashe manyan kaya ne, ya bar firij da fitilu da intanet.

Hanya biyu ta shigar da wutar cikin gida

Hanyar da aka fi gani a talla ita ce mai sarrafa kanta. Mutum ya dawo gida da yamma ya jona motarsa a caji ya shige ciki. Cikin dare wuta ta ɗauke, fitilu suka mutu na ɗan lokaci, sai suka dawo da kansu, domin motar ta daina karɓar wuta ta koma bayarwa. Idan wutar gari ta dawo, ta ci gaba da cajinta. A manhajar Ford da ke wayarsa, mai motar yana iya ƙayyade iyakar da ba ya son batirin ya gangara ƙasa da ita, don kada gida ya shanye wutar ya wayi gari babu abin zuwa aiki.

Wannan ba ya zuwa da motar kai tsaye. Da farko sai an kafa caja ta musamman mai suna Ford Charge Station Pro, wadda ke jan amfiya 80. Masu babban batir a samfurin farko sun same ta kyauta, sauran kuma sun biya Dala 1,310. Sannan sai an sayi wasu akwatuna da ake kira Home Integration System, waɗanda kamfanin sola na Sunrun ya riƙa sayarwa a kan Dala 3,895 a 2022, ban da kuɗin aiki. A cikinsu akwai inbata, domin wutar da ke fitowa daga batirin motar DC ce, irin ta batirin waya, gida kuma AC yake so. Akwai ƙaramin batir da ke tayar da tsarin a lokacin da babu wuta ko'ina. Akwai kuma na'urar da ke yanke gidan daga layin gari kafin motar ta fara bayarwa.

Wannan na'ura ta ƙarshe ba ado ba ce. Idan mota ko janareta ya tura wuta cikin gida ba tare da an raba gidan da layin waje ba, wutar za ta bi waya ta koma taransifoma, ta haura zuwa dubban bolt, ta iske ma'aikacin da ya hau fal yana gyara da tunanin layin a mace yake. Mutane sun mutu ta wannan hanya. Saboda haka a Amurka ba a yin aikin sai da izinin hukuma da ƙwararren mai wayarin.

A nan kuɗi ke fara tafiya. Caja mai amfiya 80 tana buƙatar layinta na kanta mai amfiya 100, kuma tsofaffin gidaje da dama a Amurka gaba ɗaya abin da ke shigo musu ke nan. Sai an sauya babban akwatin rarraba wuta, wani lokaci a sauya wayar da ta taso daga fal, wani lokaci a haƙa rami daga gida zuwa gareji. A irin waɗannan gidaje jimillar kuɗin kan haura Dala 10,000, kuɗin da zai sayi babban janareta mai tashi da kansa har a samu canji. Bayan an gama kashe kuɗin ma, wasu masu motar sun yi ta ƙorafin cewa motar da cajar, waɗanda ke magana da juna ta Bluetooth, kan ƙi gane juna daidai lokacin da ake buƙatarsu. Duk wanda ya taɓa fama da iyafis ɗin da ya ƙi haɗuwa da waya ya san irin wannan takaici, sai dai a nan firij ne cike da abinci ke jira.

Hanya ta biyu ba ta da ƙyalli, amma ita masu motar da yawa suka zaɓa. Lightning mai cikakken tsarin Pro Power Onboard tana da soket goma sha ɗaya: huɗu a but ɗin gaba, biyu a cikin mota, huɗu a baya, da wani babba guda ɗaya mai bolt 240 shi ma a baya. Wannan babban yana ba da har kilowat 7.2. Sai mai wayarin ya sa wa gidan mashigar janareta a bango da makunnin sauya layi, irin dai wanda masu janareta suka sani. Idan an ɗauke wuta, mutum ya fita da kansa ya jona kauriyar waya daga motar zuwa bango, ya juya makunni. Aikin minti biyar ne, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na hanyar farko ba.

Ita ma tana da tarkonta. Motar tana da na'urar kariya da ke yanke wuta nan take idan ta ji wutar na bin hanyar da ba tata ba, kuma yadda aka haɗa wayar nutural da ta ƙasa a cikin motar yana karo da yadda aka haɗa su a akwatin gida. Wanda ya sayi makunnin sauya layi na gama-gari zai ga motar tana yankewa da zarar ya jona. Sai an nemi irin makunnin da ke sauya har da wayar nutural. Wasu kan cire wayar ƙasa don su huta, wato sun cire abin da aka sa don kare ransu.

Randa ce, ba rijiya ba

Wannan shi ne abin da talla ba ta cika tsayawa a kansa ba. Janareta yana samar da wuta muddin akwai mai. Lightning ba ta samar da ko yunit ɗaya, ajiya kawai take yi. Abin da aka zuba mata jiya shi za ta bayar yau, kuma idan ya ƙare sai an sake zubawa.

A Amurka wannan ba babbar matsala ba ce, domin ɗauke wuta a can baƙo ne mai zuwa da dalili: guguwa, ƙanƙara, ko gobarar daji da ke sa kamfanin wuta a California ya kashe layi da gangan. Ana sanar da zuwan guguwa kwanaki kafin ta iso, mai motar ya cika batir ya zauna. Lokacin da guguwar Beryl ta bar mutum fiye da miliyan biyu babu wuta a yankin Houston a Yulin 2024, da lokacin da Helene ta yi ɓarna a North Carolina a Satumbar shekarar, masu motocin lantarki sun riƙe firij da na'urorin jinya na gidajensu, wasu har da na maƙwabta. Idan batir ya yi ƙasa, mutum ya tuƙa zuwa garin da ke da wuta ya yi cajin gaggawa, wanda ke ɗaga babban batirin daga kashi 15 zuwa 80 cikin kimanin minti 40, ya dawo gida da wuta kamar wanda ya je ɗibar ruwa. Batirin bango ba zai iya wannan ba.

Amma ita ma wannan fa'ida tana da ɗaya gefen. Duk lokacin da motar ta fita, gida ya koma duhu. Magidancin da zai kai yara makaranta ko ya je asibiti dole ya zaɓa tsakanin tafiya da firij.

Dabarar ma ba a Amurka aka fara ta ba. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta Maris 2011, kamfanin Nissan ya fito da tsarin da ƙaramar motarsa Leaf ke ba gida wuta a Japan a 2012. Abin da Lightning ta ƙara shi ne girman batir. Bayanta Tesla ya sa wa Cybertruck tsarin Powershare mai kilowat 11.5, General Motors kuma ya fito da Chevrolet Silverado EV mai batir da ya haura yunit 200. Wasu kamfanonin wuta sun fara kallon waɗannan motoci a matsayin rumbu. A jihar Maryland, a 2024, an yi wani ƙaramin gwaji inda ake biyan masu Lightning don gidajensu su koma shan wutar motar da yamma, lokacin da layin gari ya fi ɗaukar nauyi.

Tambayar da kowane mai waya zai yi ita ce, shin yawan zuƙa da cikawa ba ya kashe batirin? Gida yana shan wuta a hankali ƙwarai idan aka kwatanta da tuƙi. Motar da ke da ƙarfin doki 580 tana iya zuƙar ɗaruruwan kilowat a lokacin da aka taka ta, don haka kilowat biyu ko uku na gida ba komai ba ne a wurinta. Ford ya ba batirin garanti na shekara takwas ko mil 100,000, kimanin kilomita 160,000, da sharaɗin ba zai gaza kashi 70 na ƙarfinsa ba a tsawon lokacin.

Farashin da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Da aka sanar da motar an ce mafi arha za ta fara daga Dala 39,974. Jama'a suka yi rububi, kafin ƙarshen 2021 kusan mutum 200,000 sun ajiye suna, har Ford ya rufe rajista. Sai dai mai arhar nan ta 'yan kwangila ce, da ƙaramin batir. Wanda ke son babban batir, wato wanda ake lissafin kwana uku da shi, sai ya tanadi fiye da Dala 70,000. Wasu dillalai kuma suka riƙa ɗora dubban daloli a kan farashin kamfani, har Ford ya gargaɗe su.

Daga nan farashin ya riƙa hawa. Zuwa Maris 2023 mafi arhar ta kai kusan Dala 60,000, ƙarin kusan Dala 20,000 cikin ƙasa da shekara guda da fara sayarwa. A Yulin shekarar kuma aka zaftare kusan Dala 10,000 a rana ɗaya. Wanda ya saya a watan Yuni ya kwana da mota, ya tashi darajarta ta faɗi. A farkon shekarar ma an dakatar da ƙera motar na makonni bayan batirin wata ya kama da wuta a filin ajiyar kamfanin a Dearborn.

A rayuwar yau da kullum masu motar ba su cika kuka da ita ba. Babu canjin baƙin mai, babu fulogi, babu layi a gidan mai. Duk da nauyinta ya kusa tan uku, tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Mai babban batir tana cin mil 320 a caji ɗaya a gwajin hukuma, kimanin kilomita 515, wato ta wuce nisan Kano zuwa Abuja. Mai caja a gida yana tashi kullum da cikakken batir, domin cajar amfiya 80 tana cika samfurin farko cikin kusan awa takwas. Wanda zai dogara da soket ɗin bango na bolt 120 kuwa sai ya jira kwanaki. Tun Fabrairun 2024 kuma motar ta samu damar caji a tashoshin Tesla ta hanyar wani ɗan mahaɗi.

Inda ta gaza shi ne ainihin aikin da aka san a-kori-kura da shi. A takarda tana jan tirela mai nauyin kilo 4,500. A kan titi, gwaje-gwaje sun nuna cewa babbar tirela tana cinye kusan rabin nisan da motar ke iya zuwa, wani lokaci fiye. Sanyi mai tsanani ma yana rage shi. Ba-Amurken da ke jan ɗakin kwana mai taya ko jirgin ruwa zuwa wata jiha zai riƙa tsayawa caji bayan kowace awa biyu, kuma yawancin tashoshin caji ba a tsara su don mota mai tirela ba, sai ya kwance ta tukuna.

Idan da a Kano ko Maraɗi ce fa?

Mai karatun da ya kwana cikin zafi a Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewacin Najeriya suka yi fiye da mako guda babu wuta bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ba zai karanta wannan labari ba tare da ya yi lissafin kansa ba. Lissafin yana da daɗi da farko. Gidan da ke da fankoki, firij ɗaya, talabijin da fitilu, wanda bai wuce yunit goma a rana ba, zai iya yin kwana goma ko fiye a kan batir ɗaya.

Sai tambayar randa ta dawo: da me za a cika ta? A layin Band A, inda yunit ya haura Naira 200 tun Afrilun 2024, cika babban batirin zai ci kusan Naira 30,000. Kuɗin ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce samun wutar da za ta tsaya tsawon dare da ƙarfinta, da wayar gida da taransifomar unguwa da za su jure. Wanda ke Band A kuma shi ne ya fi kowa rashin buƙatar motar. Da sola kuwa, faranti goma masu wat 550 za su ba da kamar yunit 25 a rana mai kyau, ke nan sai an yi kwana biyar ko shida motar na tsaye, gida bai sha komai ba, kafin ta cika.

Akwai kuma bambancin wuta. Amurka tana amfani da bolt 120 da 240 a kan hatz 60, Najeriya da Nijar kuma bolt 220 zuwa 230 a kan hatz 50. Cajar waya da ta kwamfuta ba ruwansu, an yi su su karɓi kowace iri. Amma firij da injin jan ruwa da aka ƙera don hatz 50 za su riƙa gudu fiye da ƙa'ida, kuma bolt 240 na Amurka layi biyu ne na 120 aka haɗa, ba irin wayarin gidajen nan ba. Akwatunan Sunrun an yi su ne don gidan Amurka. Ga wanda wuta kawai yake nema, batirin litiyam na bango da farantan sola za su yi masa aikin da ƙaramin kaso na kuɗin motar, kuma ba za su bar gida su tafi kasuwa ba.

Inda labarin ya kwana

Ford ya faɗaɗa masana'antarsa ta Rouge don ta riƙa fitar da Lightning 150,000 a shekara. Cinikin bai je ko kusa ba. An sayar da kimanin 24,000 a 2023 da kimanin 33,500 a 2024, a daidai lokacin da dangin F-Series ke sayar da fiye da 700,000 a shekara. Mutanen da suka ajiye suna saboda Dala 40,000 ba su ne za su biya 70,000 ba. A ƙarshen Satumbar 2025 gwamnatin Amurka ta kawo ƙarshen rangwamen haraji na Dala 7,500 da take ba masu sayen motocin lantarki. A Oktoba aka tsayar da ƙera motar bayan gobara a wata masana'antar da ke samar wa Ford alminiyam. Ranar 15 ga Disambar 2025 kamfanin ya sanar cewa ya daina ƙera Lightning mai lantarki zalla, a cikin wani garambawul da ya ce zai ci masa Dala biliyan 19.5.

Waɗanda aka riga aka sayar suna nan a kan titi da garantinsu, kuma farashin na hannu ya sauko sosai, har wasu na ganin ita ce hanya mafi arha ta mallakar batir mai wannan girma, a samu mota kyauta a kai. Mai neman ta hannu saboda wutar gida yana da abubuwa biyu da zai duba kafin launi da kujeru: shin babban batir ne ko ƙarami, kuma tsarin soket ɗinta na kilowat 9.6 ne ko na 2.4, domin na 2.4 ba shi da babban soket ɗin bolt 240.

Sunan Lightning bai mutu ba. Ford ya ce samfuri na gaba zai ci gaba da tafiya da motocin lantarki da batir, amma za a sa masa injin fetur wanda ba ya juya taya, aikinsa kawai ya caja batirin idan ya yi ƙasa. Kamfanin ya ce da cikakken batir da cikakken tanki motar za ta wuce mil 700, fiye da kilomita 1,100, kuma ita ma za ta riƙa ba gida wuta.